DARASI: IN KWAMFUTA TA ƘI TASHI, A SAUKE MATA KAYA

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a shekarar 1991, tafireta ce ke aiki a yawancin ofisoshi. Mutanen karkara da yawa ba su taɓa ganin kwamfuta ba. Sai dai su ji labarinta a rediyo, inda ake kiranta na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Yau abin ya sake. A Kalgo akwai mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. A Aliero, ba nisa da Gwandu, akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. Tun daga 2015 kuma, duk yaron da ke neman shiga jami'a, da kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB. Shagunan buga takardu sun yawaita. Babbar wayar hannu da ke aljihun manomi ma, ƙaramar kwamfuta ce.

To, amma kwamfuta takan yi gardama. Wata rana a kunna ta, ta ƙi tashi. Mai ita ya ruɗe, ya garzaya wurin mai gyara. Sau da yawa abin da ake ce masa shi ne: "Sai an yi mata fomat." Fomat kuwa shi ne a share duk abin da ke cikinta, a zuba sabo. Nan take aikin ɗalibi na shekara guda ya tafi. Rajistar ƙungiyar manoma, mai sunayen waɗanda suka karɓi bashin taki, ta ɓace. Hotunan iyali su salwanta.

Akwai hanyar da ya kamata a gwada kafin a kai ga haka. Turawa suna kiranta Safe Mode, ana karanta shi Sef Mod. Da Hausa ana iya cewa tashin sauke kaya. Wannan darasi zai bayyana mene ne shi, yadda ake shigarsa, da abin da ake yi in an shiga.

YADDA KWAMFUTA KE TASHI

Kafin a gane cuta, sai an san yadda lafiya take. Tashin kwamfuta mataki huɗu ne.

Na ɗaya, wuta ta shiga. Ƙaramar fitila ta kama, fanka ta fara juyawa.

Na biyu, kwamfuta ta duba jikinta. Tana duba ko duk sassanta suna nan, kuma suna amsawa. A wannan lokaci ne sunan kamfanin da ya ƙera ta ke fitowa a allo, kamar HP ko Dell ko Lenovo.

Na uku, ta buɗe rumbunta. Rumbu shi ne inda take ajiye komai, masu gyara suna ce masa had disk. Daga nan take ɗauko babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Manhaja ita ce rubutaccen umurni da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. A ƙasar nan, babbar manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Na huɗu, ta ɗauki kaya. Kayan iri biyu ne. Akwai ƙananan manhajoji da ake kira direba. Direba kamar tafinta ne tsakanin Windows da wani sashe, kamar firinta ko lasifika. Akwai kuma manhajojin da mai kwamfuta ya zuba da kansa, waɗanda wasunsu ke tashi da zarar an kunna ta.

A kowane mataki ana iya samun matsala. Amma matsaloli da yawa a mataki na huɗu suke, wato wurin ɗaukar kaya.

MISALIN JAKI DA TAIKI

A ɗauka wani manomi ya taso daga fadamar Kalgo da jakinsa, ɗauke da shinkafa. A tsakiyar hanya jaki ya durƙushe, ya ƙi tashi. Manomi mai hankali ba zai kama dukansa ba. Ba zai kuma ce jaki ya mutu, ya zubar da shinkafa ba. Abin da zai fara yi shi ne ya sauke taiki.

In jaki ya miƙe ya kama tafiya, to lafiyarsa lau, laifin kaya ne. Ko sun yi nauyi, ko ɗaurin ya karkace, ko akwai wani abu da ke sukar bayansa. Sai a riƙa mayar da kayan kaɗan-kaɗan, har a gano wanda ke kawo damuwa. In kuwa an sauke kaya duka jaki bai tashi ba, to ciwon a jikinsa yake. Sai a nemi malamin dabbobi.

Hausawa sukan ce an bar jaki ana dukan taiki. A sha'anin kwamfuta kuwa, akasin haka aka fi yi. Ana dukan jaki, alhali laifin na taiki ne.

Sef Mod shi ne sauke taikin. In aka tashi kwamfuta ta wannan hanya, ba ta ɗaukar komai sai abin da ya zama dole. Tana barin manhajojin da aka zuba mata. Tana barin yawancin direbobi. Ba ta share su ba, ajiye su kawai ta yi a gefe. Tun fitowar Windows 95, a shekarar 1995, ake amfani da wannan hanya, kuma har yau tana nan.

YAUSHE YAKE AMFANI?

Sef Mod yana taimakawa in an ga ɗaya daga waɗannan alamomi:

1. Alamar Windows ta fito, ƙananan ɗigogi suna ta juyawa, amma ba ta wuce nan ba.
2. Kwamfuta tana mutuwa tana tashi da kanta, ba iyaka.
3. Allo ya koma shuɗi ko baƙi, da rubutun Turanci mai nuna an sami matsala.
4. Ta buɗe, amma ta sandare, ba ta amsa komai.
5. Ta buɗe, amma tallace-tallace da shafuka suna ta fitowa ba wanda ya kira su.

Akwai kuma inda ba ya amfani. In an danna maɓallin kunnawa ba fitila, ba ƙarar fanka, to wuta ce ba ta shiga ba. Sai a duba caja, da waya, da soket, da batir. In kuma kwamfuta tana ƙara ƙit-ƙit-ƙit, allo baƙi ƙirin, ba ko sunan kamfani, to matsalar a mataki na biyu take. Wannan ciwon jiki ne.

Kafin komai, a cire duk abin da aka jona mata, kamar filash da firinta da wayar hannu. A sake kunnawa. Wani lokaci filash da aka manta a jiki shi kaɗai ne ke hana ta tashi.

YADDA AKE SHIGA

Hanyar shiga ta danganta ga irin Windows da ke cikin kwamfuta. Kalmomin da za su fito a allo na Turanci ne. Ba sai mutum ya iya Turanci ba. Ya isa ya gane siffar kalmar, ya kwatanta ta da wadda ke cikin wannan shafi.

Tsofaffin kwamfutoci. Wasu shaguna da makarantu suna da kwamfutoci masu Windows XP, wadda ta fito a 2001, ko Windows 7, wadda ta fito a 2009. Ga yadda ake yi musu:

1. A kashe kwamfuta, a sake kunnawa.
2. Nan da nan a riƙa danna maɓallin F8 a kai a kai. Yana layin sama na maɓallai.
3. Baƙin allo zai fito da jerin rubutu. A yi amfani da maɓallan kibiya a kai kan Safe Mode.
4. A danna Enter.

In alamar Windows ta riga ta fito, an makara. Sai a kashe a sake.

Sababbin kwamfutoci. Tun daga Windows 8, a shekarar 2012, maɓallin F8 ya daina wannan aiki a yawancin kwamfutoci. Haka abin yake a Windows 10 ta 2015 da Windows 11 ta 2021. In kwamfuta tana kaiwa wurin da ake sa kalmar sirri, ga hanya:

1. A danne maɓallin Shift da yatsa, kada a saki.
2. A taɓa alamar kashewa da ke ƙasan allo, a zaɓi Restart.
3. Shafi zai fito mai zaɓi kaɗan. A zaɓi Troubleshoot.
4. A zaɓi Advanced options.
5. A zaɓi Startup Settings, sannan Restart.
6. Jeri mai lambobi zai fito. A danna 4.

Lamba 4 ita ce Sef Mod zalla. Lamba 5 ita ce Sef Mod mai iya shiga intanet. Mai koyo ya fara da 4.

In ba ta kaiwa ko'ina. A kunna ta. Da zarar alamar kamfani ko ta Windows ta fito, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10, har ta mutu. A sake yin haka karo na biyu. In aka kunna karo na uku, a ƙyale ta. Windows za ta gane akwai matsala, ta kawo shafi mai suna Automatic Repair. A zaɓi Advanced options, sannan a bi mataki na 3 zuwa na 6 da ke sama. Wasu kwamfutocin sai an kashe su sau uku. Amma a kiyaye. Ba a kashe lafiyayyar kwamfuta ta wannan hanya, domin yana iya ɓata abin da ke cikinta.

Abin lura. Wasu kwamfutoci, musamman sababbi da na ofisoshi, suna da makulli mai suna BitLocker. Za su nemi wata doguwar lamba mai alƙaluma 48 kafin su bari a shiga. Wannan lamba tana wurin mai kwamfutar, ko wurin jami'in da ke kula da kwamfutocin ofis. Ya kamata a neme ta a rubuta a takarda tun kwamfuta tana lafiya.

IN AN SHIGA, ME ZA A GANI?

Kada a tsorata. Bayan allo zai zama baƙi. Kalmomin Safe Mode za su fito a kusurwoyi huɗu. Rubutu yana iya yin girma fiye da yadda aka saba. Sauti ba zai fito ba, firinta ba za ta yi aiki ba. Duk wannan daidai ne. Jaki ne ba taiki.

Shigar kanta labari ce mai daɗi. Tana nuna cewa jikin kwamfuta yana aiki, rumbu yana buɗuwa, kuma mai yiwuwa ƙwarai laifin na kaya ne. Sai a bi waɗannan ayyuka bi da bi.

Aiki na farko: a kwashe dukiya. Kafin a taɓa komai, a jona filash mai tsabta, a kwafe duk takardu da hotuna masu muhimmanci. Wannan shi ne aiki mafi girma. Ko da gyara ya gagara daga baya, an tsira da abin da ba a iya saye a kasuwa.

Aiki na biyu: a tambayi kai. Me ya canza kafin ta fara gardama? An zuba sabuwar manhaja jiya? An jona sabuwar firinta? Wani yaro ya zuba wasa? An sa filash ɗin wani? Wuta ta ɗauke tana cikin sabunta kanta? Amsar wannan tambaya rabin gyara ce.

Aiki na uku: a cire abin da ake zargi. A shiga Control Panel, a buɗe Programs and Features. Jerin manhajoji zai fito, kowace da ranar da aka zuba ta. A zaɓi ta ƙarshe, a danna Uninstall. In direba ake zargi, ana mayar da tsohon daga wurin da ake kira Device Manager. Wasu manhajojin ba su yarda a cire su a cikin Sef Mod. In haka ta faru, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen Startup, a hana su tashi ta danna Disable. Wannan a Windows 8 zuwa sama ne.

Aiki na huɗu: a mayar da ita baya. Windows tana da wani abu mai suna System Restore. Yana mayar da tsarin kwamfuta yadda yake a wata rana da ta wuce, lokacin tana lafiya. Ba ya share takardu ko hotuna. Amma yana aiki ne kawai in an kunna shi tun da farko.

Aiki na biyar: a nemi ƙwayar cuta. Ƙwayar cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos, muguwar manhaja ce. Takan bi filash daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Shi ya sa ta yi yawa a shagunan buga takardu, inda filash da yawa ke shiga kwamfuta ɗaya kowace rana. Da yawa daga cikinsu ba su tashi a Sef Mod, don haka sun fi sauƙin kamawa. A sa manhajar maganin bairos ta bincika.

Aiki na shida: a duba rumbu. In ya cika maƙil da finafinai da waƙoƙi, kwamfuta takan yi nauyi ƙwarai. A kwashe wasu.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk waɗannan: a yi gyara ɗaya, a gwada. In aka cire abu biyar lokaci guda, ba za a san wanne ne mai laifi ba. Bakanike mai gyaran injin ban ruwa ma haka yake yi. Ya duba mai, ya ja igiya. Ya goge fulogi, ya sake ja. Yana da kyau a riƙe takarda da biro, a rubuta duk abin da aka taɓa.

Fita kuwa ba wuya. A zaɓi Restart, kwamfuta za ta tashi yadda ta saba.

RANAR DA DUNIYA TA KOMA GA SEF MOD

Kada a ɗauka wannan dabara ta ƙananan masu gyara ce kawai. Ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa kwamfutocin abokan cinikinsa wani ƙaramin fayil. Aikin kamfanin shi ne tsare kwamfutoci daga ɓarayi. Amma fayil ɗin yana da kuskure.

Cikin ɗan lokaci kwamfutoci suka fara mutuwa suna nuna shuɗin allo. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa abin ya shafi kwamfutoci miliyan 8.5 a duniya. An soke tashin dubban jiragen sama. Aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci da gidajen talabijin a ƙasashe da yawa.

Ba ɓarayi ba ne, ba kuma ciwon jiki ba ne. Kaya ne guda ɗaya ya karkace. Maganin da aka fara bayarwa shi ne a tashi kowace kwamfuta a Sef Mod, a share fayil ɗin nan guda, a sake kunnawa. Ma'aikata suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da hannu. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu makullin BitLocker da ba su da lambarsu a kusa.

Darasi biyu ke nan. Abu ƙarami yana iya durƙusar da babbar na'ura. Kuma ba a bukaci fomat ba kafin ta miƙe.

WAYAR HANNU MA TANA DA SHI

A Gwandu da Kalgo, masu waya sun fi masu kwamfuta yawa nesa ba kusa ba. Manyan wayoyi masu manhajar Android, kamar Tecno da itel da Infinix da Samsung, suna da Sef Mod. Yana amfani in waya tana sandarewa, ko tana mutuwa da kanta, ko talla tana rufe allo.

A wayoyi da yawa haka ake shiga:

1. A danne maɓallin kunnawa har zaɓin kashewa ya fito.
2. A ɗora yatsa a kan Power off, a danne, kada a saki.
3. Waya za ta tambaya ko a shiga Safe mode. A amince.

A wasu wayoyin kuma, sai an kashe, an kunna, sannan a danne maɓallin rage sauti da zarar sunan kamfani ya fito. Hanyar takan bambanta daga waya zuwa waya.

In an shiga, kalmomin Safe mode za su fito a ƙasan allo. Manhajojin da mutum ya zuba da kansa za su dushe ko su ɓuya. In waya ta yi lafiya a haka, to ɗaya daga cikinsu ce mai laifi. A fara cire ta ƙarshe da aka zuba, a sake kunna waya, a gani.

Sau da yawa waya takan shiga Sef Mod ba da sanin mai ita ba. Mutum ya duba ya ga WhatsApp da Facebook sun dushe, ya zaci wayarsa ta lalace. Ba ta lalace ba, saƙonninsa kuma suna nan. A kashe ta a sake kunnawa. In ta ƙi fita, a cire rigar wayar a duba maɓallin rage sauti. Ƙura ko matsattsiyar riga kan sa ya maƙale.

Gargaɗi. Akwai wani shafi dabam a waya mai ɗauke da kalmomin Wipe data ko Factory reset. Wannan ba Sef Mod ba ne. Fomat ne, yana share komai. Bayansa kuma waya takan nemi adireshin Google da kalmar sirrin mai ita. Wanda wani ya buɗe masa adireshin, bai rubuta ba, yana iya rasa hanyar shiga wayarsa.

IN SEF MOD YA ƘI

In an sauke kaya jaki bai tashi ba, sai a nemi gwani. Mai yiwuwa Windows kanta ce ta lalace, ko rumbu ya gaji, ko wani sashe ya kwance. In allo ya nuna No bootable device, kwamfuta ba ta ganin rumbunta ke nan. In ana jin ƙara ƙas-ƙas daga ciki, a kashe nan take. Ci gaba da kunnawa yana ƙara ɓarna.

Mai koyo kada ya kwance kwamfuta da kansa. Amma ya je wurin mai gyara da bayani. Ya gaya masa alamar da ya gani, da abin da ya faru kafin nan, da abin da ya gwada. Sannan ya ce: "Malam, don Allah kada a yi fomat sai an kwashe mini takarduna." Ko da kwamfuta ta ƙi tashi, sau da yawa ana iya cire rumbunta, a jona shi a wata, a kwashe abin da ke ciki. Mai gyara na kirki ba zai ƙi wannan ba. A kuma yi cinikin aiki tun kafin a fara.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Yanayin wannan yanki yana wahalar da na'ura. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Da hunturu kuma ƙura kan toshe kafofin shan iska. Saboda haka:

1. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo. A sa shi a kan tebur ko allo.
2. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta, ba lokacin da take aiki ba.
3. In da janareto ake aiki, a bari ya daidaita kafin a jona. Mai hali ya sayi batirin ajiyar wuta da ake kira UPS.
4. Kada a kashe ta tana cikin sabunta kanta.
5. Kada a zuba manhajar da ba a san asalinta ba.
6. A bincika filash ɗin baƙo kafin a buɗe.
7. A sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020. Masu su sun fi shiga haɗarin bairos.

Babban rigakafi shi ne kwafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya rubuta littattafai masu yawa. Sun iso ga mutanen yau ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu. In gara ta ci ɗaya, akwai wani a wani gida. Haka ya kamata a yi wa abin da ke cikin kwamfuta. Duk takarda mai muhimmanci ta kasance a wuri biyu ko uku: a kwamfuta, a filash, in da hali a buga ta a ajiye. Sakataren ƙungiya ya yi haka duk ƙarshen mako. Ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu ya yi haka kullum.

SABABBIN KALMOMI

Sef Mod: tashin kwamfuta ko waya ba tare da kayan da aka ɗora mata ba.
Manhaja: rubutaccen umurni da na'ura ke bi.
Direba: ƙaramar manhaja mai haɗa Windows da wani sashe.
Rumbu: ma'ajiyar kwamfuta.
Fayil: takarda ko hoto ko wani abu guda da aka ajiye a rumbu.
Filash: ƙaramar ma'ajiya da ake jonawa a cire.
Fomat: share duk abin da ke cikin rumbu.
Bairos: muguwar manhaja mai yaɗuwa.

TAMBAYOYI

1. Matakai nawa kwamfuta ke bi kafin ta tashi? A faɗe su.
2. A misalin jaki da taiki, mene ne jaki, mene ne taiki?
3. Wane maɓalli ake dannawa a Windows 7? Wace lamba ake dannawa a Windows 10?
4. Mene ne aiki na farko in an shiga Sef Mod? Don me?
5. Me ya sa ake gyara ɗaya a gwada?
6. Me ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024?
7. Mene ne bambancin Sef Mod da fomat?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya kwafi waɗannan kalmomi a littafinsa sau uku, har idonsa ya saba da su: Safe Mode, Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings. Sannan malamin aji ya sami waya ɗaya mai lafiya. A shiga Sef Mod a gaban kowa, a duba abin da ya canza, a kuma fita. Wanda ya gwada tun na'ura tana lafiya, ba zai ruɗe ba ranar da ta ƙi tashi.